Daga Sakan 52: Littafin Aikin Ruwan Lambunmu na Tadis

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Jiya bayan an sauko Juma'a Kawu ya aiko in same shi a lambu. Shawarar da ya yanke ita ce a sayar da maraƙin nan da tumaki biyu, a haɗa da ragowar kuɗin albasar bara, a sayo sabon famfo. A wurinsa wanda ke cikin foraj ɗin, wato rijiyar burtsatsenmu, ya gama yayi. Ban ga laifinsa ba. Shekara biyu da suka wuce, da muka kafa panno takwas, wato faifan wutar rana, masu wat 300 kowanne muka zura famfon, shato, tankin tara ruwa mai cin lita 5000, kan cika cikin awa ɗaya da minti 40 da tsakar rana. Yanzu sai ya doshi awa uku, ga dashen albasa ya zo bakin ƙofa.

Na ce, "Kawu, ku ba ni wata guda. In ban gano inda ruwan nan ke maƙalewa ba, ni da kaina zan ja maraƙin zuwa kasuwa ran Lahadi." Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Ɗana, albasa ba ta san a yi haƙuri ba." Amma ya yarda.

Abin da ya hana ni amincewa da mutuwar famfon shi ne ƙararsa ba ta sauya ba, kuma ruwan bai yanke rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa ja da baya. Injin da ya lalace yakan faɗi da bakinsa. Wannan kuwa ya fi kama da wanda aka shaƙe.

Don kada mu tsaya kan "ni dai na ga kamar ya ragu", na kafa ma'auni guda: lokacin da bido, wato jarka mai lita 25, ke ɗauka ya cika a bakin tiyon da ke zuba cikin shato, ƙarfe 12 da rabi na rana, ƙanena riƙe da agogon waya. Ranar da aka kafa kayan na rubuta sakan 30 a bayan takardar saye, tana nan har yau. Yau sakan 52. Akwatin sarrafa wutar famfon yana nuna wat 1310.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Da asuba na hau kan ƙarfen panno. Daga ƙasa sai ka rantse tsaf suke, don suna ɗan ƙyalli. Da na ja yatsa a kan gilashin sai ga layi baƙi wuluk a tsakiyar fari, yatsan kuma ya fito kamar na tsoma shi a garin gero. Tun ruwan ƙarshe na damina ba wanda ya taɓa su.

Ƙurar da ta bazu ko'ina ba ta dame ni kamar abubuwa biyu ba. Na farko, laka da ta taru ta bushe a gindin kowane panno, inda bakin firam ke tare ruwa, faɗinta ya kai yatsa uku, ta rufe rabin layin ƙarshe na ƙwayoyin panno, wato ƴan gidajen da ke kama hasken rana su mai da shi wuta. Na biyu kashin tsuntsaye, musamman a panno na ƙarshe da ke kusa da bedi. Na zaunar da ƙanena na yi masa bayani, domin shi zai riƙa wankin: ƙwayoyin da ke cikin panno a jere suke, wuta na bi ta wannan ta shiga wancan, kamar ruwa a doguwar kwata. In ka toshe kwata a wuri ɗaya, duk fangalin da ke gaba ya sha ƙishi. Ƙwaya ɗaya da kashin tsuntsu ya rufe tana iya jawo a tsallake kashi ɗaya cikin uku na pannon gaba ɗaya, ita kanta kuma ta riƙa zafi fiye da ƴan'uwanta har wurin ya ƙone.

Mun wanke da ruwan foraj da tsumma mai laushi kafin rana ta ɗaga. Ba a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da rana ta gasa, yana iya tsagewa. Ba a kuma goge shi a bushe, don yashin da ke cikin ƙurar sai ya kakkarce shi.

Ƙarfe 12 da rabi: wat 1740, bido a sakan 44. Kawu ya ce, "To, sauran fa? Ba dubu biyu da ɗari huɗu aka ce mana ba?" Na gaya masa wannan adadin na ɗakin gwaji ne, inda ake auna panno yana da sanyin digiri 25. Namu da tsakar rana ba ka iya ɗora tafin hannu a kansa, kuma kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana cin kusan kashi 0.4 cikin 100. Wannan ba mu da yadda za mu yi da shi. Ƙura kuwa muna da shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An yi dashe ranar Talata, fangali 140. Ƙanena yana wanki duk bayan kwana uku bai fasa ba, amma yau na tarar da abin da ban zata ba: gilashin ya yi dabbare-dabbaren fari, zagaye-zagaye, duk inda ɗigon ruwa ya bushe. Tsumma ba ya fitar da su. Ashe ruwan da muke wankewa da shi yana barin nasa dattin.

Sai na tuna butar shayin mai gadinmu. Na karɓa na leƙa ciki: gindinta ya yi ɓawo fari mai kauri, kamar an shafe ta da farar ƙasa. Na kankaro kaɗan da wuƙa, na ɗiga masa binegar, nan take ya hau kumfa yana sheƙa. Wannan kumfar shaida ce cewa farar ƙasa ce ta gaske, wadda ruwa ya narko daga dutse. Ba abin mamaki ba ne a Adar. Dutsen farar ƙasar da ke yankin nan shi ya sa masana'antar siminti ta zauna a Malbaza. Ruwan yana ɗauke da ita ba a gani, sai an dafa shi ko ya bushe ta fito ta manne.

Maganin da muka samu mai sauƙi ne. Na je wurin masu kayan mota na karɓo tsohuwar robar share gilashi, muka ɗaure ta a kan gora. Yanzu da an wanke sai a janye ruwan nan da nan, kada ya bushe a kai. Tsofaffin tabon kuma mun bi su da binegar da aka sirka da ruwa, muka ɗauraye sosai.

Amma butar nan ta hana ni barci. Idan haka ta yi cikin ƴan watanni, yaya cikin famfon da ya shekara biyu a ruwan nan yake?

Asabar, 7 ga Disamba

Yau muka ciro famfon. Mu biyar, da mai aikin famfon da na ɗauko daga gari, tun hantsi har azahar.

Da ya fito ba wanda ya yi magana. Ƙarfen da muka zura yana walƙiya ya dawo ja kamar an birkiɗa shi a kunun kanwa. A jikinsa akwai wani yauƙi mai santsi, launin tsatsa, mai ƙarnin ƙarfe. In ka dangwala sai ya biyo yatsa. Ragar da ruwa ke shiga ta ciki, wadda ya kamata ka ga ramukanta reras, fiye da rabi a liƙe take. Kawu ya tsuguna ya sa ɗan tsinke yana tsokala, ya ce, "Innalillahi. Ta nan yake sha?"

Mai aikin famfon ya ce wannan jan abin ya saba gani. Ruwan ƙasa na ɗauke da narkakken ƙarfe, in ya haɗu da iska sai ya zama tsatsa ya kwanta, akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a kan wannan ƙarfen, su ke yin yauƙin. Maganarsa ta yi daidai da abin da na gani kwana biyu kafin nan: na ɗebi bokiti guda garau da yamma, da safe na tarar ya yi ruwan ɗorawa, da ɗan ja-ja a gindi.

Da ya kwance famfon sai muka ga datti kala biyu ne a jere, jan yauƙi a sama, farin ɓawo mai tauri a ƙarƙashi. Ƴan fankokin da ke juyawa suna tura ruwa, hanyoyin cikinsu ƙanana ne, kuma santsinsu shi ne ƙarfinsu. Waɗannan sun yi kaushi kamar harshen sa, wasu hanyoyin sun matse. Fanka na juyawa yadda ta saba, tana cin wutar da ta saba, ruwan da take kamawa ne ya ragu. Shi ya sa ƙarar ba ta sauya ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jikin motar famfon, wato injin da ke juya fankokin. Motar famfon da ke nutse ba ta da wata hanyar huce zafi sai ruwan da ke wucewa ta gefenta. Farar ƙasa kuwa ba ta barin zafi ya ratsa ta kamar yadda ƙarfe ke yi, don haka ɓawon ya zame mata bargo. Ruwan da ke sanyaya ta ya ragu, bargon kuma yana ƙara kauri, kuma wurin da ya fi zafi nan farar ƙasa ta fi son kwanciya. Da mun bar shi wata shekarar, maganar Kawu ce za ta tabbata: motar za ta ƙone da gaske, mu ce kayan ne ba su da kyau.

Mun fara wanke jan da buroshi da ruwa. Sannan muka jiƙa sassan a roba da garin asid na lemun tsami, irin wanda mata masu haɗa zoɓo ke saya, cikin ruwa mai ɗumi. Robar ta yi ta kumfa har la'asar. Ƙanena ya kawo shawarar a ƙara ruwan jabel, ruwan nan na faranta tufafi, don ya kashe ƙwayoyin halittar, mai aikin famfon ya daka masa tsawa: "Kai yaro, kada ka kuskura! Jabel da asid in suka haɗu hayaƙin da ke tashi guba ne." Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe a bangon ɗakin kaya. Jabel ɗin mun zuba shi daban a cikin foraj, bayan an ɗauraye komai, ya kwana.

Litinin, 9 ga Disamba

Jiya aka mayar da famfon, muka bar ruwan farko ya zube a fili har warin jabel ya gushe. Yau wata guda cif. Bido a sakan 37. Kawu ya karɓi wayar ya auna da hannunsa sau biyu, sannan ya ce wa ƙanena, "Je ka ba maraƙin nan dusa."

Asabar, 21 ga Disamba

Hazo ya sauka tun ranar Talata. Rana ta koma kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido. Yawancin wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta watsa mana. Laushinta ne matsalar. Yashi mai nauyi iska kan share shi, wannan kuwa mannewa take, in raɓa ta ɗan taɓa ta da dare sai ta zama kamar an yi shafe.

A irin wannan rana asara biyu ce, kuma na so in raba su. Da tsakar rana na auna da pannon da suka kwana uku ba wanki: sakan 49. Washegari, hazon bai sauya ba, an wanke da asuba: sakan 43. Ke nan ƙurar da ke sama ta ci nata, wadda ke kan gilashi ta ci nata. Ta sama sai addu'a. Ta gilashi mun koma wanki kullum har hazon ya ɗaga, bokiti biyu sun isa.

Ƙurar da ke sauka a kan takwas ɗinmu ita ce ke sauka a tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Ƙasar nan ta rungumi wutar rana, kuma daidai ne. Abin da ke ci mini rai shi ne a lambuna da gidaje ana sayar wa mutum panno a kafa masa a tafi, ba wanda zai tsaya minti biyar ya nuna masa yadda ake wanke shi. Maƙwabcinmu na gabas ya ƙara panno biyu bana a kan shida da ba a taɓa sa musu ruwa ba.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Saboda hazon muka tayar da tsohon motopompi mai shan esansi, don ya taimaka daga tsohuwar rijiya. Can kawai yake iya aiki, tunda irinsa ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas. Ya tashi da ƙyar, yana tari, yana baƙin hayaƙi.

Na buɗe gidan filtar iska na tarar wayam. Mai gadi ya ce shi ya cire soson tun bara, don injin yana shaƙewa, kuma da ya cire sai ya warware. Gaskiya ya faɗa, ya warware ɗin. Soson da ƙura ta toshe yana hana iska shiga, man ya yi wa iskar yawa, ya ƙi ƙonewa duka, sai hayaƙi da shan mai. Amma cire shi buɗe wa ƙura ƙofa ne ta shiga har cikin silinda, ta gauraya da man inji ta zama abin wasa wuƙa, ta riƙa cin zobban fistan. Na ce masa, "Baba, wankewa ake yi, ba cirewa ba." Na nuna masa a sabon soson da na sayo: ruwan sabulu, a matse, a shanya ya bushe sarai, a ɗan shafa man inji a sake matsewa.

Bujin ya yi baƙi ƙirin da toka, na goge. Tsakanin haƙarƙarin silinda, inda iska ke bi tana sanyaya injin, ƙura da mai sun daskare kamar tuwo. Da tsinke muka yi ta sakace su. Yanzu yana tashi a ja na biyu. Hayaƙin ya koma shuɗi-shuɗi, alamar yana ƙona man inji, wato ɓarnar shekara guda ta riga ta auku. Zobba sai bayan an cire albasa.

Asabar, 18 ga Janairu

Sakan bakwai da suka rage sun tsaya mini a rai. Na zargi tiyon ƙarfe na galba da ya taso daga bakin foraj zuwa shato, mita 60, wanda muka gada daga tsohon aiki. Na sa aka yanke taki guda a tsakiya.

Irin wanda masu aikin famfo ke kira 33/42 ne, wato faɗin raminsa wajen milimita 33 ne yana sabo. Ramin da ya rage a ciki bai wuce milimita 26 zuwa 27 ba, sauran duk tsatsa ce da farar ƙasa, ƙuraje-ƙuraje. A ido ba wani abu ba ne, kashi ɗaya cikin biyar na faɗin ne kawai ya tafi. A lissafi kuwa, in kana son tura ruwa daidai na da ta ramin da ya ragu haka, gogayyar da ruwan ke yi da bango tana ninkuwa kusan sau uku, ba a ma sa kaushin ba. Famfon yana ta dako kamar an ƙara wa shato tsawo.

Mun sauya shi da baƙin tiyon roba mai milimita 50, muka binne. Sakan 33.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Layukan ɗigo-ɗigo na tumatir sun fara toshewa daga ƙarshe. Murfin shato ya tsage, rana na shiga, gansakuka ta yi kore a bango. Mun kwashe ruwan, mun goge, mun rufe da buhu biyu kafin a samo murfi. Filtar da ke gindin shato za a riƙa wanke ta kowace safiya, a kuma buɗe bakin layukan duk Juma'a ruwa ya kora dattin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kwana uku a jere famfon na tsayawa wajen ƙarfe ɗaya, ya huta kamar minti 20, ya tashi da kansa. Gabana ya faɗi, na ɗauka motar ce. Da na duba akwatin sarrafawa sai ga alamar zafi a allonsa. Na leƙa bayansa, inda haƙarƙarin alminiyon ke fitar da zafi: ƙura ta cike tsakaninsu, zanzaro kuma ya gina ɗakuna huɗu a daidai hanyar iska. Akwatin yana kashe kansa ne don kada ya ƙone.

Na kashe wuta ta ɓangaren panno tukuna, na jira, sannan na fasa ginin na bi da busasshen buroshin fenti. Tun daga nan bai sake tsayawa ba. Wata uku ina bin ruwa daga gilashi har gindin rijiya, ban taɓa zagayawa bayan akwatin da nake karanta lambobinsa kullum ba. Na ƙara shi cikin aikin farkon kowane wata.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya fara. An janye wa albasa ruwa, ganyen ya kwanta, mako mai zuwa za a fara cira in Allah ya yarda. Kawu ya ce ƴaƴan sun fi na bara cika, kuma fangalan ƙarshe da kan sha ƙishi bana ba a bambanta su da na farko.

Bido yau sakan 35, ya ƙaru da biyu a kan na Janairu, alhali an wanke panno da asuba. Abubuwa uku nake zargi: zafin bazara da ke rage ƙarfin panno, ruwan foraj da kan yi ƙasa a wannan lokaci, ko kuma jan yauƙin ya fara dawowa. Don in raba su na ƙulla igiya da alama a kowane rabin mita, da ɗan ƙarfe a bakinta, zan riƙa auna zurfin ruwan duk Asabar kafin famfo ya tashi. Yau mita 17 da rabi. Na kuma rataya guntun sabon ƙarfe a cikin foraj daidai zurfin famfon, in ciro shi bayan Sallah in ga abin da ya kwanta a kai cikin wata guda. Shi zai gaya mana ko duk shekara za mu riƙa ciro famfon ko duk wata shida.

Maƙwabcinmu na gabas ya aiko ɗansa ɗazu yana neman aron gorar nan mai roba. Na ce ya bari sai gobe bayan sahur, in zo da ita da bidon, mu fara aunawa kafin a wanke.